Mudu Biyu

Mudu biyu gare ni a rumfata ta kasuwar Billiri.
Ɗaya mai sakakken ciki, da shi nake saye.
Ɗaya na kai wa maƙeri ya ɗan doki gindinsa,
da shi nake sayarwa.
Tsakaninsu bai wuce cikin tafin hannu ba,
amma tafi kan tafi, sai buhu ya haihu.

Ran Lahadi ni aka ba karatu.
Na gyara tabarau, na gyara murya,
na faɗi abin da aka gindaya wa Isra'ila
tun suna kwanan tanti,
ba su mallaki ko kunya ɗaya ta gona ba:
jaka guda ba ta ɗaukar ma'auni biyu,
ladan ɗan ƙodago ba ya kwana a aljihun mai gona,
bargon talaka da ka riƙe jingina
ya koma kafaɗarsa kafin sanyin dare.
In ka yi girbi, bar gefe
saboda baƙo da gwauruwa.

Muryata ko rawa ba ta yi ba.
Aka ce amin, matan zumunta suka buga tulu.
Na ce a raina: wannan ta mutanen da ce,
mu ai alheri ya rufe mu.
Na zauna a bencin dattawa, kusa da taga.

Ran kasuwa Keziya ta zo daga Tal,
wadda muka binne mijinta bara da damina.
Dawa mudu huɗu.
Hannuna ya san wanda zai ɗauka, bai tambaye ni ba.
Na auna ina yi mata gaisuwar yara,
har da gyara na ƴan ƙwayoyi,
ta durƙusa ta gode.

Rana ta karkata, ina ɗaure bakin buhu,
sai ga ta, gumi har wuya, silifa ɗaya a hannu.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Na ce ta auna a gida, asiri ya tonu.
Na fara haɗa ƙarya tun kafin ta iso.

Ta kwance bakin zane.
Baba Yunana, ta ce, canjinka ya yi yawa,
ɗari biyar ce ta manne da ƴar'uwarta.
Sai da na kai rafi na gani.
Tun ranar da ka karanta mana zancen nan
ba na son abin wani ya kwana a ɗakina.

Ta ajiye a kan buhu. Ta juya.

Ban san tsawon tsayuwata ba.
Awaki suka ci abin da ya zube, ban kore su ba.

Maƙeri ya yi dariya da na koma:
kai ka ce a doka, kai ka ce a miƙe?
Guduma uku, gindi ya sauka.
Tabon bai fita ba, yana nan kamar shashawa.

Daga can ban nufi gida ba.
Lamela ya yi mini noma kwana shida,
tun watan jiya nake ce masa gobe.
Na iske shi yana ɗinke tayar keke da fitilar waya.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
bai ce na gode ba, kuma bai kamata ya ce ba.

Yanzu buhu ba ya haihuwa.
Uwar yara ta yi lissafin kuɗin makaranta,
ta dube ni, ta dubi rufin ɗaki.
Ni ma wani dare nakan yi kewar tafin nan,
ba zan ɓoye ba.

Wake ya nuna a gonar bayan dutse.
Na ce wa yara su bar kusurwar gabas.
Suka ce wa za a bar wa?
Na ce ban san sunansa ba tukuna.

Dawar Keziya kuwa, tafi huɗu,
da na wasu da ban iya ƙirgawa,
tana ƙulle a leda ƙarƙashin teburi.
Kasuwa uku ke nan tana wucewa tana gaishe ni,
har yau ina neman bakin da zan fara.